Kafin Ghana Ta Kunna Wutar Nukiliya: Darasin Chernobyl da Fukushima

 

'Yan'uwa, duk wanda ya sha wahalar dumsor, tun daga mai walda a Nyohini har mai sayar da ruwan sanyi a kasuwar Aboabo, zai so labarin wutar da ba ta ɗaukewa. Shi ya sa maganar tashar lantarki ta nukiliya take da daɗin ji. Burin tsoho ne, domin tun 1964 Kwame Nkrumah ya aza harsashin cibiyar nukiliya a Kwabenya kusa da Accra. A 2023 hukumomi suka bayyana Nsuban da ke Yankin Yamma a matsayin wurin da suka fi so a gina tashar. Kafin a soma gini, ya kamata mu dubi abin da ya sami waɗanda suka riga mu.

Ranar 26 ga Afrilu 1986 na'ura ta huɗu a tashar Chernobyl da ke Yukren ta fashe ana cikin gwaji, bayan an kashe wasu matakan kariya. Mutanen garin Pripyat, kusan 50,000, sai washegari da rana aka kwashe su. Tarayyar Sobiyet ta yi shiru har sai da na'urorin Suwidin suka gano gubar a iska ranar 28 ga wata. Dubban yara sun kamu da kansar maƙoshi, galibi ta hanyar madarar da gubar ta shiga, kuma har yau akwai yankin kilomita 30 da aka hana zama.

A Fukushima ta Japan kuwa, ranar 11 ga Maris 2011, girgizar ƙasa ta tayar da igiyar ruwa mai tsayin kusan mita 14, ta nutsar da janaretocin da ake sanyaya na'urori da su. Mutum fiye da 150,000 suka bar gidajensu. Kwamitin da majalisar Japan ta kafa ya ce a 2012 sakacin mutane ne ya jawo bala'in, domin masu tashar da masu sa ido a kansu sun yi ta rufa wa juna asiri.

Ƙasashen nan biyu suna da masana da dukiya. Abin da ya ci su shi ne tauye amana: ɓoye aibi kafin haɗari, da ɓoye gaskiya bayansa.

Shari'a ba ta haramta nukiliya ba. Faransa na samun mafi yawan lantarkinta daga gare ta, tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu kuma tana aiki tun 1984. Amma malaman fiƙihu sun gabatar da kawar da ɓarna a kan janyo amfani, kuma Annabi (SAW) ya koyar da mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara ga Allah. Wanda ya yi sakaci ya ce ƙaddara ce, ya yi wa addini mummunar fahimta.

Mu ma muna da ma'auni a gida. A Oktoban 2023 da aka saki ruwan Akosombo, dubban mutane a Mepe da kewaye suka rasa matsuguni. Manoman Arewa kuma sun san abin da ruwan Bagre ke yi wa gonakinsu. Wannan ruwa ne da ido yake gani, gubar nukiliya kuwa ba ta da launi ba ta da wari. Kada wani ya ce Tamale ta yi nisa da bakin teku, domin Suwidin ta fi haka nisa da Chernobyl.

Don haka mu tambayi wakilanmu a majalisa abu uku. Hukumar sa ido kan nukiliya da dokar 2015 ta kafa, tana da ikon dakatar da aiki ko gwamnati ba ta so? Ina za a ajiye sharar da gubarta ke daɗewa dubban shekaru? Idan haɗari ya auku, wa zai sanar da jama'a, cikin awa nawa, kuma da wane harshe? Limamai su ɗauko batun a huɗuba, ɗalibanmu na UDS masu karatun kimiyya su fassara mana bayanan da Dagbanci da Hausa.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya tsare ƙasarmu daga bala'i. Wallahu a'alam.