Sabuwa Fil Daga Kwali, Amma Sai An Kai Ta Wurin Mai Gyara

A kasuwar kayan kiɗa ta duniya akwai wata magana da aka maimaita har ta zauna kamar doka: wai duk sabuwar jitar bes, komai tsadarta, sai an kai ta an saita kafin ta kaɗu yadda ya kamata. Masu kanti suna faɗinta, tsofaffin makaɗa kuma suna koya wa na baya ita a matsayin hikima. Da a ce wanda ya sayi sabon firiji za a ce masa ya nemo mai gyara da kuɗinsa ya daidaita ƙofar kafin ya sa ruwa a ciki, da a ranar zai mayar da shi. Shi kuwa makaɗin bes an hore shi ya biya kuɗin kaya, ya ƙara biyan ladan saiti, wanda a Amurka kan kama daga dala 50 zuwa 100, sannan ya yi godiya.

Maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma wannan ne ya ba ta tsawon rai. Laifinta shi ne an ja ta an shimfiɗa har ta lulluɓe aikin da masana'anta ta bari ba ta ƙarasa ba.

Bes ita ce jitar nan mai kaurin tsirkiya huɗu da ke riƙe gindin waƙa, wadda ake jin amonta a ƙirji kafin kunne ya tantance shi. Leo Fender ne ya fito da Precision Bass a Kalifoniya a 1951, ya biyo da Jazz Bass a 1960, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa yau a kan tsarin waɗannan biyun aka ƙera su. Tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, wato milimita 864. Idan aka ɗaure tsirkiyoyin huɗu, ƙarfin da suke jan wuyan jitar da shi yana kusan kilo 80, ya ɗara buhu ɗaya da rabi na shinkafa, alhali na jitar lantarki mai tsirkiya shida bai cika kai kilo 50 ba. Siririn katako ne ke ɗauke da wannan nauyi dare da rana, shi ya sa ake binne sandar ƙarfe a cikinsa mai noti a bakinta, domin a riƙa tanƙwaso shi. Kowane ɗan ƙarfe da ke jikin bes ɗan dako ne. Wanda jitar gama-gari za ta yi haƙuri da rauninsa, bes ba za ta yi ba.

To, mene ne saiti na halal? Abubuwa kaɗan ne. A murɗa notin sandar wuya har lanƙwasar ta daidaita. A ɗaga ko a sauke tsirkiyoyi a kan jaki, wato ƙarfen da suke hawa a gindin jitar, kamar yadda masu goge da garaya ke kiran nasu. A gyara tsawon kowace tsirkiya domin sauti ya faɗa daidai har ƙarshen wuya, a daidaita nisan maganaɗisun da ke ɗaukar sauti. Kamfanin Fender da kansa ya wallafa ma'auni: lanƙwasa ta kimanin milimita 0.3, da tazarar milimita 2 zuwa 2.4 tsakanin tsirkiya da furet na 17 a yawancin jitocinsa na zamani. Katako yana motsi a cikin kwantena, kuma hannun kowane makaɗi da irin nauyinsa, don haka babu mai hankalin da zai ƙi wannan. Aiki ne na alanki da sukundireba, ana gama shi cikin ƙasa da awa guda, kuma duk abin da aka murɗa ana iya mayar da shi yadda yake.

Sai a dubi abin da ake cusawa a ƙarƙashin wannan suna. Furet su ne 'yan sandunan ƙarfen da aka gicciya a kan wuya, inda yatsa ke danne tsirkiya. Idan ɗaya ya ɗara maƙwabtansa tsayi da abin da bai kai kaurin takarda ba, sautin da ke bayansa zai riƙa ziza ko ya mutu. Babu notin da ke warkar da wannan. Abin da mai kanti kan yi shi ne ya ɗaga tsirkiyoyin sama har zizar ta ɓoye, ya miƙa wa mai saye jitar da ke cin yatsu, yaro mai koyo kuma ya koma gida yana zargin hannunsa. Haka matashin da tsirkiyoyi ke kwanciya a kansa can kusa da kan jita: tsagin da aka zurfafa fiye da kima ba ya cikowa. Akwai wuyan da ya murɗe kamar igiya saboda an sassaƙa katakon bai gama bushewa ba. Akwai sandar wuyan da ta fito daga masana'anta an riga an ɗaure ta har ƙarshe, ba sauran inda za a murɗa, wanda shi ne mafi muni, domin ba a gane shi sai yanayi ya juya an nemi a gyara.

A ɓangaren ƙarafa abin ya fi ban haushi, saboda arhar maganinsa. 'Yan sukurorin da ke tallafe tsirkiya a kan jaki, idan zarensu ya yi sako-sako, girgizar kiɗa kan sa su zame ƙasa a hankali, makaɗi yana tsakiyar wasa tsirkiya ta kwanta. Jakin da aka ɗaure a karkace da milimita biyu yana tura tsirkiyar gefe ta riƙa faɗowa daga bakin wuya. Maɗaurin tsirkiya mai giya da ta yi lako-lako sai an murɗa shi an murɗa kafin ya kama. A cikin ramin wayoyi kuwa, inda ido ba ya kaiwa, nan ake samun liƙin dalma da bai kama ba, da soket mai sassaucin baki da ke yanke sauti duk lokacin da makaɗi ya motsa, da rami tsirara ba fentin kariya ba takardar jan ƙarfe, har jitar ta zama eriya tana kwaso ƙugin wutar lantarki ta kai wa amfilifaya. Ƙa'idar rarrabewa ba ta da wuya. Duk gyaran da ke buƙatar magagari, ko dalma, ko gam, ko sauya wani sashe, ya fita daga saiti, aikin masana'anta ne aka bar wa mai saye.

Dalilin da ya sa aibin ke taruwa a waɗannan wurare ba ɓoyayye ba ne. Tun da injunan sassaƙa masu aiki da kwamfuta suka mamaye masana'antu, yanke gangar jita da wuyanta ya zama abu mai sauƙi da daidaito. Abin da ya rage mai tsada shi ne awannin hannu: daidaita furet ɗaya bayan ɗaya, tsaga matashi, liƙa waya, da zama a kaɗa kowane sauti kafin a rufe kwali. Duk akantan da aka ce ya rage kuɗin ƙira, nan zai fara kai almakashi, shi da ƙarafan da ba sa fitowa a hoto. Fenti kuwa ba a taɓa shi, domin fenti ne ke sayar da kaya a intanet. Har an samu wata kasuwa guda da ke cin abinci daga sauya ƙarafan sabuwar jita, tun daga jakin Badass da ya yi tashe a shekarun 1970 zuwa maɗauran Hipshot da Gotoh da Schaller. Ko jaki mai nauyi yana ƙara wa sauti daɗi, wannan gardama ce da makaɗa ba su gama ba, kuma a bar su da ita. Amma sukurun da ke zamewa ba ya cikin abin da ake cewa kowa da ra'ayinsa.

Masana'antar ta taɓa shan wannan darasi. A Janairun 1965 kamfanin watsa labarai na CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13, ya ƙara yawan kayan da ake fitarwa. Kafin ƙarshen shekarun 1970 makaɗa na kuka da jitoci masu nauyin tsiya, da fenti mai kauri, da gurbin wuya mai sako-sako, har kayan da aka ƙera kafin zuwan CBS suka zama abin nema da tsada. A daidai lokacin masana'antun Japan irin su Tokai da masu ƙera Greco suna fitar da kwaikwayon da ya fi na asalin tsafta. Dole Fender ya je Japan a 1982 ya ƙulla yarjejeniya, masana'antar FujiGen ta fara ƙera masa Squier. A 1985 CBS ya sayar da kamfanin ga wasu shugabanninsa ƙarƙashin Bill Schultz, a kan kuɗin da bai kai wanda ya saya ba. Abin da ya gyara lamarin shi ne masu saye sun samu inda za su koma.

Wannan tarihi ya isa ya kashe wani uzurin, wato ɗora laifi a kan ƙasar da aka yi ƙira. An raina kayan Japan, aka raina na Koriya, yanzu ana raina na Sin da Indonesiya. Kamfanin Cor-Tek na Koriya ta Kudu, mai tambarin Cort, yana ƙera wa manyan sunaye da dama jitoci a masana'antunsa na Indonesiya da Sin, kuma daga rufi ɗaya ake fitar da mai kyau da marar kyau. Mai tambarin ne ke rubuta irin ƙarfen da za a sa, da mintunan da ya yarda ya biya na dubawa, da yawan aibin da zai kau da kai a kansa. Ma'aikacin da aka ba mintuna kaɗan a kan wuya guda ba shi ya yanke wannan hukunci ba.

Za a ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma bes mai arha ta yau ta fi takwararta ta shekaru 40 da suka wuce nesa ba kusa ba. Haka ne. Mai dala 200 ba ya da hakkin neman ƙarafan dala 2,000. Yana da hakkin jitar da kowane sautinta ke fita. Kuma da aibin ya tsaya a kan masu arha, da hujjar ta yi ƙarfi, sai ga shi shawarar da ake bai wa mai sayen mai tsada ita ce ya gwada guda biyar iri ɗaya ya zaɓi ta kirki. Masu ba da wannan shawara ba sa faɗin inda sauran huɗun za su. Ba ƙona su ake yi ba, wani ne zai saya, galibi wanda ya yi oda daga nesa.

Ba kuma rashin dabara ba ne. Injin Plek, ƙirar Jamus, yana auna furet a ƙarƙashin jan tsirkiya ya goge su daidai, kuma Gibson na amfani da shi a masana'antarsa ta Amurka. Babban dilan nan Sweetwater na jihar Indiyana yana tallata cewa yana duba abubuwa 55 a jikin jita kafin ya aika wa mai saye. Talla ce mai kyau, kuma shaida ce a kan masana'antu: dilan da ya fi kowa ganin abin da ke fitowa daga kwali ya ga bai kamata a amince da kwalin ba.

Abin da ke rage wa Bature raɗaɗi shi ne doka. A Birtaniya dokar kare masu saye ta 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa, a Tarayyar Turai kuma garantin doka shekara biyu ne. Nauyin yana faɗowa ne a kan makaɗin coci a Jos ko Kaduna, da ɗan ƙungiyar kiɗa a Yamai ko Agadas, wanda ya tara kuɗin watanni ya tura Legas ko ya saƙa wa ɗan'uwa a waje, ya yi cinikin biri a sama. Garantin manyan kamfanoni ya ta'allaƙa ne da saye daga dilan da suka amince da shi, galibi a ƙasar da aka saya, kuma ba ya ɗaukar ɓarnar zafi ko bushewar iska. Mai gyaran da ya ƙware a aikin furet kuwa ba a kowane gari ake samunsa ba.

Sannan ga hunturu. Masu ƙira suna son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, a Kano kuwa yakan sauka ƙasa da 20 da rana a watan Janairu. Katakon wuya yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa, sai bakunan furet su tsiro a gefe suna yankar tafin hannu. Wannan ba laifin masana'anta ba ne kai tsaye, ko jita mai tsada tana yinsa, kuma gogewa sau ɗaya ta isa. Haɗarin shi ne yanayi ya zama tabarmar da ake naɗe kowane laifi a ciki. Iska ba ta karkatar da jaki, ba ta kwance dalma, ba ta cinye zaren sukuru. A irin wannan yanayi ne kuma sandar wuyan da aka ɗaure har ƙarshe ke tona asirinta, lokacin da mai kanti zai ce ai an daɗe da saye.

Dokar gasa da kare hakkin masu saye ta Najeriya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, kuma hukumar FCCPC ta sha bayyana cewa rubutun nan na ƙasan rasit, wai kaya idan ya fita ba ya dawowa, bai soke wannan hakki ba. Wanda ke tsaye a kanti yana da ikon ya ce a jona masa jitar da amfilifaya, ya danna kowane furet a kowace tsirkiya tun daga sama har ƙasa, ya girgiza waya a bakin soket, ya hango wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar sanda. Sannan ya nemi mai kantin ya ɗauko alanki ya murɗa notin sandar wuya kaɗan gaba, kaɗan baya, a gabansa, a rubuta a rasit cewa tana motsi ta kowane ɓangare.