Mu Koyi Turanci: Weightlifting

Kalmarmu ta wannan mako ita ce weightlifting. Kalmomi biyu ne aka gama: weight, watau nauyi, da lift, watau ɗagawa. A haɗe ake rubuta ta, kuma ba a furta haruffan gh, sai a ce "wetliftin".

To, amma a lura, ba kowane ɗaukar kaya Bature ke kira haka ba. Ɗan dakon da ya sunkuci buhun masara a tasha, kome ƙarfinsa, ba weightlifter ba ne, carrying yake yi. Ɗalibin da ya rubuta haka a jarrabawa, maki ya zubar a banza.

Ainihin ma'anar kalmar ita ce gasar ɗaga sandar ƙarfe mai fayafai a gefe biyu, har ta wuce bisa kai. Tun wasannin Olamfik na zamani na farko a Atina, cikin 1896, aka yi ta. Salo biyu gare ta yanzu: snatch, a fizge ƙarfen sama tashi ɗaya, da clean and jerk, a ɗora shi a kafaɗa tukuna sa'an nan a tura sama. A Sidni, cikin 2000, aka fara sa mata, inda Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa.

A hira kuwa, mai ɗaga ƙarfe don motsa jiki kurum yakan ce I lift weights. Kada dai a ce a weightlifting ko weightliftings, gama kalmar ba ta ƙirguwa.