Ƙasan Madatsar Tiga Na Buƙatar Kunne

Yawancin ruwan famfon da ke shiga cikin birnin Kano daga nesa da badala yake tasowa. Matatar Tamburawa tana ɗiba ne daga Kogin Kano, wanda madatsar Tiga ke ciyarwa tun 1974. Lakar da ta yi shekara hamsin tana taruwa a ƙasan madatsar tana cinye mazaunin ruwa, ido kuwa ba ya hango ta daga gaɓa.

Ana iya dasa ƙananan na'urori a can ƙasa su riƙa auna kaurin laka da gurɓacewar ruwa. Wahalar ita ce aiko da sakamakon, domin ruwa yana shanye siginar rediyo cikin 'yan mitoci. Sauti kuwa yana ratsa shi da gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Saboda haka na'urorin suna miƙa wa juna saƙo da sauti har ya kai ga wata da ke yawo a saman ruwa, ita kuma ta tura ta layin waya.

Hanyar tana da rauni: saƙon da take ɗauka kaɗan ne, amsa-kuwwa tana dagula shi, canza batir a ƙarƙashin ruwa kuma aiki ne. Sai dai ma'aunin laka 'yan lambobi ne a rana.

Bagauda ta ɓalle a 1988, Alau a 2024. Ya kamata hukumomin ruwa su haɗa kai da injiniyoyin Jami'ar Bayero su fara gwaji a Tiga.