Hadarin Gabas da Ma'aunin Gudun Jirgin Sama

Hadarin nan da ke tasowa daga gabas a watannin Yuli da Agusta, ya bi ta kan Kiyeshe da Dogondutsi a yankin Arewa na Jamhuriyar Nijar, ya ƙetare Dallol Mawri ya doshi Yamai, wanda manomin Arewa ke tarba da hamdala saboda geronsa, shi ne matuƙin jirgin sama ke duba da fargaba, domin a cikinsa ne na'urorin da ya dogara gare su sukan ba da shaidar zur.

Akwai wata irin rada, wadda aka fi sanya wa jiragen soja da masu saukar ungulu, an gina ta bisa ƙa'idar da masani Doppler, mutumin Ostiriya, ya bayyana a 1842. Takan aika igiyoyin rediyo uku ko huɗu zuwa doron ƙasa, ta ƙiyasta gudun jirgi daga sauyin da ta gani a kansu yayin da suka komo. To, idan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, sai ɗigonsa ya raunana igiyar, wani sashe kuma ya mayar da shi tun bai kai ƙasa ba. Da yake kuwa iska na kora ɗigon nan, sai na'urar ta auna jirgi da abin da shi kansa tafiya yake yi, alhali tana zaton ƙasa ce tabbatacciya.

Manyan jiragen fasinja da matsin iska suke auna gudu, amma su ma ba su tsira ba. Jirgin Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu ran 24 ga Yuli 2014 ya faɗi kusa da Gosi a ƙasar Mali, mutum 116 suka rasa rayukansu, bayan ƙanƙara ta toshe ma'aunan injinsa sa'ad da yake kauce wa hadari irin namu.

Alƙalin shari'a yakan nemi shaidu adalai biyu kafin ya yanke hukunci, kuma a ganina wajibi ne a bi wannan ladabi a sararin sama: a gwama lissafin rada da na tauraron ɗan'adam, sannan a samu shaida ta uku daga ƙasa. Tun da hadari kan ratsa Arewa sa'o'i kafin ya isa Yamai, maslaha ce hukumar yanayi ta ƙasa da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ASECNA su ƙarfafa tashoshin awo a wannan yanki, su wadata su da ma'aikata da kayan aiki, ta yadda labarin iskar da ta kaɗa a Kiyeshe da la'asar zai riski hasumiyar filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai kafin jiragen dare su tashi.