A bar soson gindin bango har a gama shimfiɗa karo

 Yau maganar gini na kawo muku, kuma da laifin kaina zan fara.

A wata makarantar ƙauye cikin gundumar Buza, inda na koyar, ƴan garin da ke bida a Abijan da Libiya suka haɗa kuɗi aka gina mana aji na siminti. Kowa ya san abin da ya sa muka matsu mu rabu da ajin zana: gobarar Yamai ta watan Afrilun 2021 da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, kowace ta ci yara wajen ashirin ko fiye. Ƴan bida suka ce tunda an yi, a yi da kyau, har da karo a ƙasa, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa tayil.

Maginin dattijo ne, ya daɗe yana aiki a Aljeriya. Kafin ya zuba daɓe sai ya bi gindin bango duka da siririn soso, kaurinsa kamar santimita 1, ya bar shi ya leƙo sama da daɓen. Ya ce mini: "Malam, kada kowa ya taɓa wannan sai na dawo." Ya tafi wani aiki a Madawa, yana jiran daɓe ya bushe.

To, Oktoba ta matso, yara za su komo, ga soso cako-cako a gindin bango kamar ba a gama aiki ba. Na ɗauki reza na yanke shi daidai da daɓe, wani wurin ma na tumɓuke shi ɗungum. Ni da shugaban kwamitin makaranta muka matsa wa yaron magini ya shimfiɗa karo, daɓen bai kai kwana goma ba. Ya manna shi har jikin bango, siminti ya cike ɗan ramin da soso ya bari. Ya yi kyau a ido, aka yi ta sa mana albarka.

Da bazara ta kama, wata rana da rana tsaka muna cikin darasi, sai muka ji ƙara kamar harbin bindiga. Karo ya tashi a tsakiyar aji, layi guda, ya yi tozo ya fashe. Yara suka yi ƙofa a guje, wata yarinya da ba ta da takalmi ta yanke a tafin ƙafa. Ni na kai ta likita, ni na tsaya gaban mahaifinta.

Abin kunyar shi ne, a makarantar horon malamai ta Tawa an koya mana cewa zafi yana sa abu ya buɗe, sanyi ya sa shi ya tsuke, kuma ni kaina na sha rubuta haka a allo. Daɓe mai tsawon mita 9, idan zafinsa ya canza da digiri 25, yana motsawa kusan milimita 2. Tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano, ƙasar Adar tana ba da wannan bambanci har da ƙari. Ga kuma siminti, yana ci gaba da tsukewa muddin yana bushewa, shi ya sa masu gini ke ƙirga masa kwana 28. Karo ba ya tsukewa tare da shi. Idan bango ya tare shi ta kowane gefe, ina zai nufa in ba sama ba?

A Jamus, inda suke binne bututun ruwan zafi a cikin daɓe saboda sanyi, ƙa'idar aikin a fili take: ba a yanke abin da ya leƙo na soson sai an shimfiɗa karo an kuma cike tsakaninsa. Dalili kuwa, soson da ya leƙo shi ne ke hana siminti gangarawa cikin ramin. Ka yanke shi da wuri, ka yi asarar amfaninsa duka. Mu ba mu ɗumama daɓe, rana ce ke yi mana, kyauta.

Na ji masu cewa wannan iyayi ne na Turawa, kuma rami a gindin bango gidan kunama ne da tururuwa. Maganar kunama tana da kama, ban raina ta ba. Amma ai ba a barin ramin a buɗe: soso yana ciki, an yanke kansa kawai, sannan a jera karon gindin bango ya rufe shi daga sama ba tare da ya danne na ƙasa ba. Batun kuɗi kuma, soson aji guda bai kai kuɗin buhun simintin Malbaza ba. Mu da muka ƙi jira, kusan rabin ajin muka sake saye.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ne ke kawo gaggawar. Darakta yana son hoto, uwaye suna son su ga inda kuɗinsu ya shiga, malami ya gaji da ƙura. Sai mu hau kan magini, shi kuma yana jin nauyin ya ce wa malam a'a. A Keita, Buza ko Madawa, duk kwamitin da zai karɓi sabon aji, ya tambaya tun farko: an bar wuri a gindin bango? Kwana nawa daɓen ya yi? Ko ba karo, daɓen siminti zalla ma yana son wannan sararin. Idan Oktoba ta zo bai bushe ba, yara su ƙara mako biyu a ƙarƙashin bishiya, nesa da wuta.

Da dattijon ya dawo ya ga ɓarnar, bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya sa ƙusa ya ƙwaƙule simintin da ke gindin bango, ya miƙo mini guntun a hannu, ya tambaye ni ina soson da ya bari.