Waiwaye: Kifin Farko da Ruwan da Ya Kawo Shi

Akwai tambayar da ban taɓa ganin ta faɗi ƙasa banza ba a majalisar dattawan bakin gulbi, daga Tibiri har Gidan Rumji: wane kifi ka fara kamawa? Mutumin da sai ya yi lissafi kafin ya tuno shekarar aurensa na fari, nan take zai gyara zama ya faɗa maka sunan tabkin, da itacen da ke bakinsa, da wanda ya ɗaura masa ƙugiya, da abin da tsohuwarsa ta ce sa'ad da ya shigo gida da laka har gwiwa. Girman kifin kam yana ƙaruwa da shekarun mai ba da labari, kowa ya san haka, ba kuma mai tsayawa gardama. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda amsar ke sauyawa daga tsara zuwa tsara. Wanda ya haura saba'in zai ambaci ƙurungu ko ragon ruwa, kifin gulbi na sosai. Ɗan hamsin zai ce tarwaɗa ko karfasa. Ɗan talatin sai ya ɗan yi shiru tukuna. Na ƙasa da su kuwa, da yawa a tasha suka fara ganin kifi, soyayye, an barbaɗa masa yaji.

Ba mu kaɗai ke da wannan hira ba. A gaɓar yammacin Amurka da Kanada akwai kifin da suke kira steelhead. A ƙorama ake ƙyanƙyasarsa, ya gangara tekun Fasifik ya yi shekaru, sannan ya hauro ruwan da ya fito domin ya zuba ƙwai. Yana da wuyar kamu ƙwarai, mutum kan yi ta jifan fatsa cikin sanyi lokaci bayan lokaci bai samu ko ɗaya ba, shi ya sa ranar da ya kama na farko ba ta fita ransa. Amma in ka bi labaransu a tsanake, rabinsu labarin koguna ne da aka datse. Madatsar Grand Coulee da aka gama a 1942 a kan kogin Kolombiya ba a yi mata hanyar da kifi zai haura ba, duk ruwan da ke samanta ya rabu da baƙinsa na teku. Yau a wurare da dama doka ta ce in ka kama wanda ya tashi a kogi ka sake shi. Wanda aka raina a gidan ƙyanƙyasa, aka yanke masa ɗan fiffiken baya don shaida, shi ne naka.

Namu gulbin bai san teku ba, amma shi ma kifinsa matafiyi ne. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Nyelwa, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa Rima. 'Yan watannin damina kawai yake gudu. A da, in ya ciko, ba ya tsayawa a kwarinsa, sai ya fantsama cikin fadama ya cika kowane gurbi. Ƙarfinsa ne ya cinye tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tashi mutane aka mai da su kan tudu. Wannan ambaliya da ke rushe gidaje ita ce kuma ke kawo kifi. Tarwaɗa ba ta zuba ƙwai sai sabon ruwa ya hau ciyawa. Can cikin ciyawar 'ya'yanta ke samun abinci da maɓoya, kafin ruwa ya ja baya sun yi tsawon tafin hannu ko fiye, sun maƙale a tabkunan da gulbi ya bari. Abin da yaran fadama ke kamawa ke nan.

Nawa na farko tarwaɗa ce. Gero ya fara nuna, ba a koma lakwal ba tukuna, kawuna ya ce in biyo shi tabki. Kayan aikin duka ba su kai a kira su kaya ba: sandar geza, zare, ƙugiya ɗaya da ya ciro daga hularsa, da guntun totuwar kara da ke yawo a kan ruwa don ta nuna in an taɓa. Tana kuwa ni na tono ta a gindin randa. Na zauna rana ta yi ta dukan ƙeyata, totuwa ba ta ko motsa ba. Da ta fara rawa na zabura zan fizge, sai ya dafa mini kafaɗa.

"Dakanta, ɗan nan. Lasa takai. Bar ta ta haɗe tukuna."

"Kawu, za ta tafi!"

"In ta tafi ba taka ba ce."

Totuwar ta nutse gaba ɗaya, zare ya miƙe, sai na ji wani nauyi mai rai yana ja daga wurin da idona ba ya gani. Wannan jan ne ba a mantawa, ba ɗanɗanon miyar ba. Da ta faɗo kan ciyawa tana wutsil-wutsil, baƙa, mai santsi, da gashin baki, ya hana ni kai hannu sai da ya nuna mini ƙayoyin nan biyu na gefen kai, ya koya mini inda ake danne ta. Daga baya wata 'yar karfasa ta kama ƙugiyar, ya zare ta a hankali ya mai da ita ruwa, ya ce ta baɗi ce. A gidanmu kifin farko na yaro ba a sayar da shi, ba shi kuma zai ci shi kaɗai ba. Kaka aka kai wa, ta sa albarka, aka jefa a miyar dare kowa ya samu ɗan tsoka.

Sai da na girma na gane yawan abin da aka ɗura mini a yini guda ba tare da an ce ana koya mini kome ba. Haƙuri yana ciki, amma shi kowa na faɗinsa. Wanda ya fi shi shi ne sanin cewa ruwa yana da doka. Akwai tabkin da yaro zai jefa fatsa, akwai wanda ba a taɓawa sai ranar su. Ranar su kuwa ba kowa ke sa ta ba. Sarkin Ruwa ne ke duba yadda ruwa ya ja, ya shawarci maigari, a yi shela a kasuwa, ƙauyukan kewaye su zo da koma da gora, a tsaya a baki har sai an ba da izini a faɗa gaba ɗaya. Abin da duniya ke zuwa kallo a Argungu tun 1934, babban wan wannan ne, kuma ruwan gulbinmu yana cikin wanda ke gangarawa can. Hikimar a fili take: watannin da aka hana shiga su ne watannin da kifi ke girma, ranar da aka buɗe kuma marar taru da mai taru duk suna komawa gida da abin miya.

Gabas, wajen Agye da Gazawa, labarin ya sha bamban. Nasu kwarin Gulbin Kaba ne, wanda ya daɗe da zama kwarin goriba da gonaki, ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa, sai tabkunan damina nan da can. Kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, in ji masu magana, amma wanda tabkin damina ya fi sani ya fi kowane kifi abin mamaki. Gaiwa ce. Tana da huhu, iska take shaƙa. In tabki ya fara ƙafewa sai ta nutsa cikin laka ta naɗe jikinta, majinar fatarta ta bushe ta zame mata kwanso, ta bar 'yar ƙofa daidai bakinta. Haka za ta kwana rani duka, ba ci ba sha, tana rayuwa da naman jikinta, in damina ta ƙi ma tana iya zarce shekara. Saboda haka akwai mutanen da kifinsu na farko da fartanya suka kama shi, a busasshiyar ƙasa, cikin zafin bazara. Babba ya nuna wa yaro 'yar hudar da ke kan busasshiyar laka, ya ce tona nan, a hankali, ka kiyayi bakinta don cizonta ba wasa ba ne. Masu bugun tubali a gurbin tabki su ma sukan ci karo da ita. Yaron da ya ga an fasa hoge kifi ya fito da rai ba zai ƙara yi wa busasshen tabki kallon wofi ba, ya san akwai mai jiran ruwa a ƙarƙashinsa.

To me ya faru? Amsar da ta fi saurin fitowa a bakin mutanen gulbi ita ce baraji. Gaskiya ne an gina madatsar Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, mai ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 142, can ƙasa kuma ga ta Goronyo a kan Rima tun 1984. Gulbin ya zama yana tsakanin ƙofofi biyu. Ruwan farko, wanda tarwaɗa ke jira, shi ne madatsa ke fara riƙewa har ta cika. Nijar da Najeriya sun sa hannu kan yarjejeniya a Maiduguri a 1990 game da raba ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su, Gulbin Maraɗi na ciki. Takarda kam tana nan.

Sai dai a ganina ɗora wa Jibiya laifin duka hanya ce ta wanke kai. Farin 1973 da na 1984, shekarar da mutanen nan ke kira El Buhari, sun riga madatsar zuwa. Bayansu an sare itatuwan tudu, an nome har bakin ruwa, kowace damina rairayi na gangarowa yana cike tabkuna, wurin da a da ke shanye babban mutum yau akuya na ƙetare shi. Injin ban ruwa ya shigo, kowa na zuƙa domin tumatir da albasa da zogale, ba kuma mai cewa su daina tunda da shi ake ci. Sannan ga namu hannun: gidan sauron da aka raba don zazzaɓi ya koma taru, yana kwashe har abin da bai kai farce ba, wasu ma har maganin ƙwari sukan zuba a ruwa. Sarkin Ruwa na nan a wasu garuruwan, amma sau da yawa rawani ne ba sanda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi a Jibiya.

Su can Amurka sun kai ga rushe madatsu. Biyu a kogin Elwa tsakanin 2011 da 2014, huɗu a kogin Kilamat zuwa 2024, kifi kuma ya koma haurawa. Ba abin da za mu kwaikwaya ba ne, mutanen Jibiya da ruwan nan suke sha suke noma, 'yan'uwanmu ne, kasuwarmu ɗaya. Abin da ya dace a nema shi ne a san lokacin sakin ruwa, a kuma sa kifi cikin lissafi, kada a tsaya ga gonaki kaɗai.

Kifi bai ƙare a jihar Maraɗi ba. Tabkin Madarunfa, mai kaburburan waliyyai a kewayensa, yana nan da masuntansa da jiragensu, a 2019 ma an sa shi cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye. Ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin raya karkara sukan zuba 'ya'yan tarwaɗa da karfasa a tabkunan da ke riƙe ruwa, a kafa kwamiti, a hana kamu na wasu watanni. Wannan tsohuwar dokar su ce ta dawo da hatimi da takarda, kuma ina murna da ita. Matasa a birni suna kiwon tarwaɗa a tankin siminti, ga kifin ƙanƙara da ke zuwa cikin kwali daga bakin teku. Wataƙila ma ɗan Agye na yau ya fi kakansa cin kifi.

Inda nake da magana shi ne wanda aka manta a sabon tsarin. In an zuba kifi da kuɗi, kwamiti na son ya mai da kuɗinsa, sai a sayar da kamun ga masunta masu taru, wani lokaci baƙi, su kwashe cikin 'yan kwanaki a loda a mota. Yaron garin da ya zo da sandar geza sai a kore shi kamar ɓarawo. An samu kuɗin gyaran famfo, wannan alheri ne. Amma wanda aka kora yau shi ne za a nema ya zauna a kwamitin nan gaba, a ce ya hana 'yan gidan sauro, ya hana noma a bakin ruwa, ya fito aikin gayya a yashe rairayi. Da wane dalili zai yi? Dattawan da ke faɗa a kan tabki yanzu, in ka bincika, kusan duk waɗanda aka taɓa ɗaura wa ƙugiya ne a bakinsa.

Ba abu ne mai tsada ba. Duk garin da ke da tabkin da aka zuba wa kifi, a Gidan Rumji ne ko Gazawa ko Agye, maigari da Sarkin Ruwa da ma'aikacin gandun daji suna iya zama su ware gefe ɗaya inda yara za su jefa fatsa bayan an buɗe kamu, ƙugiya ɗaya kowane yaro, ƙaramin kifi a mai da shi. Su kuma tsai da yini guda na su, na mutanen gari da maƙwabta, kafin a kira masu taru. A rubuta shi cikin takardar kwamiti tun ranar da za a zuba kifin, domin in an bari sai ya girma an ga kuɗi, ba wanda zai yarda a ware kome.