Mari Ba Ya Koyar Da Sana'a

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, a 2018 gwamnati ta haramta shigo da maganin tari mai kodin. A 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna. Madalla, amma tsugune ba ta ƙare ba. Talakan da aka raba da ƙwaya, aka sallame shi hannu banza, ina zai nufa in ba dabar da ya baro ba? Mu a wurinmu, gidan gyaran hali marar keken ɗinki da zarto kurkuku ne kawai. Hukumar NDE, da aka kafa don koyar da sana'a, lalle ta shiga gidajen nan, kowa ya fito da kayan aiki da jari.